Bogumil Ya Koma Aji

Shekara ashirin da shida a cikin ramin Bytom,
kwal ya rambaɗa masa kwallin da ya gagari sabulu.
Ran da aka rufe ramin
ya tafi gida da fitilar goshi a aljihu.

Gwamnati ta biya kuɗin aji,
masu tatsar lantarki daga iska suka kawo igiya.
Malamarsa Jagoda sa'ar 'yarsa ce.
"Kar ka dubi ƙasa," in ji ta.
"Ai daga can na fito."

Yatsunsa sun yi wa wayoyin kauri.
Sau biyu jarrabawa na kayar da shi.

Yau yana ƙololuwar hasumiya, bakin tekun Baltik,
iska na marinsa.
Ya kwance ƙunshin burodi,
ya waiga,
babu ɓeran rami da zai gutsura wa.