Jajibirin Tiyata a Sheffield

Sun ce kada in ci komai bayan sha biyun dare.
Na yi dariya da rabin fuskata,
rabin da bai yi mini tawaye ba.
Shekara bakwai ina tauna da ɓari guda,
ina tsoron buroshi, ina tsoron iskar tashar bas
mai sauka a kuncina kamar wayar lantarki tsirara.

Nas Morwenna ta sake tambaya:
daga ɗaya zuwa goma, nawa?
Na ce huɗu.
A gidanmu ba a ƙirga ciwo gaban baƙo.

Likita ya yi alama bayan kunnena da shuɗin alƙalami.
Ta nan za su shiga, in ji shi,
su raba jijiya da maƙwabciyarta
kamar masu sasanta rikicin katanga.
Na sa hannu a takarda. Babu alkawari a ciki.

Tasalla ta kira daga Gusau,
sannu, Yaya, sannu,
layin yana tsinkewa.

Ruwa na dukan taga.
In na farka ya tafi,
zan fita ba mayafi,
in tsaya iska ta taɓa ni.
In kuma yana nan,
to, ai mun san juna.