Awon Mai a Oko-Oba

Ƙarfe huɗu na asuba,
tun danfo ba ta fara kiran Oshodi ba,
na shimfiɗa tamfol a bayan gida,
na zazzage masara niƙaƙƙiya,
na bi ta da garin waken suya
da ƙuli-ƙulin da Lantana ta aiko daga Funtuwa
a motar masu albasa.

Suna ji na.
Ɗari biyu da tamanin, farare fat,
sun miƙo wuya ta ragar waya
kamar masu bin bashi.

Gishiri kaɗan. Garin ƙashi, don ƙafa.
Kazar nama jikinta ke riga ƙafarta girma,
in ka yi sake, sati huɗu ta zauna daɓas,
ƙirji ya yi mata nauyi, ta kasa kai kanta ga ruwa.
Sai ɗan ƙullin firimis, mai warin kantin magani,
sai laisin da metiyonin,
sunaye kamar na 'yan matan Ikeja,
cokali guda-guda, kuɗinsu ya fi na jar miyata.
Ba a watsa su haka kawai:
a cuɗa a kwano, kwano a daro, daro a tsibi,
har kowace loma ta sami rabonta.

Sannan mai.

Baba Rasaki ne ya koya mini, yana fifita da hularsa:
“Zafin Ikko ba ya barin kaza ta ci da yawa.
Duba yadda suke haki, baki buɗe.
Wadda ba za ta ci kwano ba,
sai ka ɓoye mata ƙarfin kwano a cikin rabi.”
Mai ke nan.
Yana kwantar da ƙurar gari,
kuma akwai bitamin da ba sa shiga jiki da ƙafarsu,
sai mai ya goyo su kamar ɗan okada.

'Yan tsaki, man waken suya, cikinsu ɗanye ne.
Kitsen mayanka, ga shi nan tsallaken titi, kusan kyauta,
amma sai sun yi ƙwari.
Manja kuwa da awo.
In ya zarce, ciki ya tara kitse,
mai suya ya tsaga, ya dube ka, ya rage farashi.

Bara na yi wauta.
Wata mai tuyar kifi a Pen Cinema
ta sayar mini da jarka biyu na man da ya sha wuta har ya yi baƙi.
Na shinshina, hancina ya ce a'a,
aljihuna ya ce to.
Kwana uku dusar katako ta jiƙe sharkaf,
suka juya wa abinci baya.
Arba'in da uku na kwashe a baro,
da dare, don kada maƙwabta su ƙirga.
Arha ba ta ado, na sani tun ina yaro,
sai dai ban san tana da wari ba.

Yanzu a inuwa nake ajiye jarka, a toshe,
ina ɗanɗanawa da ɗan yatsa kafin in zuba.
Wannan ɗan lasar ita ce rabona,
don likitan Orile ya auna jinina watan jiya,
ya cire tabarau, ya ce, “Malam Tanimu, kai da mai sai kallo.”

Kande ta kawo kunu da dafaffen wake, fari sol.
Na wanke hannu sau biyu, jan bai fita daga farce ba.
Auta ta leƙo, tana ɗaura takalmin makaranta:
“Baba, su an sa musu?”
Na ce an sa.
“Kai fa?”

Na ce ɗauko mini sikeli,
yau kwana talatin da biyar,
mu ga wadda ta kai kilo biyu.