Hayar Wata Goma

Lalla Rhimu ta miƙo makulli a watan Satumba,
da shuɗin zare ɗaure a wuyansa.
Ta ce, "Wata goma ne, 'yata, kin dai ji.
Ran talatin ga Yuni ki maido mini abina."
Na ce na ji.
Wanda ruwa ke duka ba ya ƙirga ramukan laima.

Ɗaki biyu da falo, hawa na uku,
layin bayan gidan burodi, nan Martil.
In ka leƙa ta tagar kicin, ka karkata wuya hagu,
tsakanin tankin ruwa da eriyar maƙwabci
akwai teku, faɗin tafin hannu.
Wannan tafin hannun shi ne rabin kuɗin hayar.

Komai na gidan da mai shi:
cokula shida, ɗaya ya lanƙwashe,
hoton jirgin ruwa da rana ta shanye wa launi,
tabarmar bakin teku a naɗe bayan ƙofa
tana jiran waɗanda ba mu ba.
Ƙarƙashin gado na tsinci takalmin roba na yaro,
ƙafar hagu, da sauran yashi a ciki.

Baƙi suka watse, gari ya faɗo hannunmu.
An kife kujerun shaguna ƙafa a sama,
kyanwa na barci kan injin ƙanƙara.
Iskar gabas ta zo da gishirinta,
ta ci sakatar taga, ta ci ƙusar igiyar shanya,
bangon ɗakin kwana ya yi gumi har ya yi gashi.
Ni na kankare shi.
Mfaddal ya gyara famfo sau uku daga aljihunsa.
Ba a sa wannan a takarda ba.

A jikin bangon nan Ikram ta koyi tsayuwa.
Bayan ƙofa na ja mata layi da fensir,
ɗaya a Nuwamba, ɗaya a Maris,
na ukun ranar da ta ce "teku" ta nuna kwanon wanka.
Na dasa na'ana'a a gwangwanin man zaitun,
ta kama, ba ta tambayi wata nawa ba.

Mayu na kamawa sai ga mai fenti.
Lalla Rhimu na tafe bayansa tana haki a matakala,
jikanta na ɗaukar hoton tagar da waya,
ya ce in ɗan janye tukunyata, tana ɓata hoto.
Kwana huɗu a Agusta, in ji shi,
ya biya abin da muke biya a wata.

Na so in ji haushinta, haushin ya ƙi zama.
Teku ta ci mijinta, ko rigarsa ba ta tofo ba,
wata biyun nan su ne gonarta da rumbunta.
Ita ma gadonta take bayarwa haya,
ta haye soro da katifa da butar shayi,
ta kwana tsakanin tankuna har baƙi su ƙoshi.

Ran talatin muka loda a-kori-kura.
Ni da Ikram sai ɗakin yayata a Tetuwan,
Mfaddal ya tsaya yana kafa wa baƙi laima a yashi,
yana kwana kan kujerun da ya yini yana ɗauka.
Wani dare na kai masa abinci,
na bi ta layinmu ba don hanya ce ba.
Fitila a kunne. Tawul ja da rawaya a igiyata.
Wani yana dariya a kicin ɗina
cikin harshen da ban sani ba.

Satumba ta dawo, waya ta yi ƙara:
"Gidanku na nan, sai dai an ƙara dirhami ɗari biyu."
Gidanku, in ji ta.
Na'ana'ar ta bushe, an kashe taba a gwangwanin.
Cokula sun koma biyar.
Na rufe ƙofa, na durƙusa,
na sa farce ina kankare sabon fenti a hankali,
ina neman layin Maris.