Rumfar Bayan Gidan Tarihi

Sau ɗari uku da sha ɗaya na zana duwatsun Riyom.
Na ƙirga. Su baƙi ke so:
dutse bisa dutse, kamar wata ta ɗora kayanta
ta tafi ɗebo ruwa, har yau ba ta dawo ba.
Ido rufe ina zana su,
shi ya sa na daina ganinsu.

Rumfarmu ta kwano ce, tana yoyo a kusurwa biyu.
Mu huɗu, haya ɗaya, butar shayi ɗaya.
Kaneng na gefen gabas da tukwanenta,
yumɓu har gwiwar hannu,
ba ta amsa gaisuwa sai ta gama bakin tulu.
Izang na tsinto ƙarafan injin kuza,
irin waɗanda suka tanƙwara bayan kakansa,
ya ƙera zakaru da 'yan rawa.
Ramuwa ce, in ji shi, sai ya yi dariya.
Sai Malam Barau baduku, mutumin Naraguta,
da jar fata, da basilla,
da tarin da ya ƙi rabuwa da shi tun daminar waccan.

Agustan garin nan ba ya jin magiya.
Yayyafi kwana uku, fenti ya ƙi bushewa,
yatsu su sandare,
mu kewaye garwashin mai gasa masara
muna ƙara wa cinikin bara gishiri.

Ran wata Asabar mota ta hauro daga Abuja.
Mai ita da rigar sanyi sabuwa,
takardar kuɗin ma ba a cire ba.
Ya rungumi tulun Kaneng aka ɗauke shi hoto,
ya ajiye mata abinta.
Ya juyo gare ni: «Zana mini Jos ta da,
sanyi da furanni kawai.
Ka cire gidajen, ka cire mutanen.»
Na ce to. Mai haya na zuwa Litinin.

Abin da ban gaya masa ba:
shekarar da aka hana fita,
Kaneng ta cinna wa tukwane arba'in wuta da hantsi,
ta leƙa gida ta duba ɗanta.
Kafin azahar gari ya tsage biyu,
gada ta zama iyaka.
Malam Barau ne hanya ta rufe da shi a rumfa.
Mutumin da bai taɓa taɓa yumɓu ba
ya kwana yana tura itace,
yana jin abin da ake ji daga nesa,
yana tari a cikin hularsa kada a ji shi.

Tara suka fashe.

Bayan kwana shida ta dawo.
Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya,
ta ƙwanƙwasa da ƙumba, ta kara kunne.
Ta ce, «Wutar ta yi yawa, Malam.»
Iyakar maganar ke nan.
Amma tun ranar, kofin shayinsa na ƙasa ne,
baƙi a gefe guda, inda wuta ta lasa,
kuma ko Izang mai wawurar kofin kowa
ba ya kai masa hannu.

Mai motar ya karɓi Jos ɗinsa fes,
ba hayaƙi, ba kowa.
Ya nemi ragi, na rage.

Da daddare na ɗauko guntun katako
na zana mu: butar, kofin, gwiwar hannun Kaneng,
hular Malam a bakinsa.
Izang ya ce na ƙara masa hanci.
Wata bakwai ba wanda ya taya.
Yanzu shi ke tare yoyon kusurwar yamma,
ruwa ya fara cin fuskata.

Gobe da sassafe, in fenti ya yarda,
na ɗari uku da sha biyu.