Ƙaurar Dare a Valparaíso

Tun farkon wata muka sanar:
daren Asabar za mu tashi,
kowa ya haƙura da wasiƙunsa sai gari ya waye.
Membobi ɗari uku da sha ɗaya,
bakwai ne suka amsa.

Tsohuwar uwar garken tana ƙarƙashin gidan burodin Fresia,
matakala ashirin da biyu zuwa ƙasa,
shekara sha huɗu tana nishi a kan katako.
Girgizar ƙasa biyu ta gani;
ta biyun ta zubar da kwanukan gashi,
ita ko tari ba ta yi ba.
Yanzu fankarta na kuka kamar tsohon keken ɗinki,
faifai ɗaya ya riga ya gaza,
na biyun muna lallaɓa shi kamar ƙwai a cokali.

Ba mai biyan mu.
Ni da rana magani nake ƙirgawa a kemis,
Ximena na koyar da lissafi a saman tudu,
Baltasar na gyaran lif ɗin da ke hawa da mutane unguwa.
Kuɗin sabbin injinan kuwa,
taro huɗu ya ci, da ƙuri'a, da fushi,
da miyar kifi da muka sayar kwano-kwano.

Sha ɗaya na dare muka fara kwasar kaya:
hotunan jikokin wani,
lissafin ƙungiyar mata masu wanki,
wasiƙun da ba mu da hurumin buɗewa.
Muna ɗauka ba ma leƙawa,
kamar ɗan dako da akwatin da ba nasa ba.

A kashi sittin da bakwai abin ya cije.
Baltasar ya cire hula, ya mayar.
Ximena ta ce kada wanda ya taɓa komai.
Minti tara muna jin jirgin ruwa na kira daga tasha,
sannan lambar ta motsa,
sittin da takwas,
muka saki numfashin da muka ranto.

Ƙarfe huɗu jerinmu ya cika, kowane layi da alamarsa.
Ni na danna maɓallin.
Ban san ɗakin na da shiru ba sai ranar.

Biyar da kwata waya ta yi ƙara.
Don Rigoberto ne daga bakin ruwa,
muryarsa da gishiri:
"Yau ba a faɗa min ruwa ba."
Wane ruwa?
Ashe shekara sha ɗaya, kowace asuba,
saƙo na zuwa masa:
yaushe teku zai cika, yaushe zai janye,
ta ina iska za ta taso.
Ba wannan a jerinmu.
Ba wanda a cikinmu ya taɓa ji.

Muka sake kunna tsohuwa,
ta tashi da gunaguni kamar an katse mata barci.
Can a wani lungu, layi shida,
aikin Nibaldo,
wanda muka raka makwancinsa shekara uku ke nan.
A samansu ya rubuta:
"Kada a taɓa. Na masunci ne.
Ya ba ni kifi ranar da ba ni da peso ɗaya."

Ximena ta kwafe su zuwa sabon gida
har da harafin da ya yi kuskure.
Na nuna mata, ta ce bar shi.

Fresia ta sauko da burodi mai zafi a zaninta na aiki,
ta ce masuncin ya gaji da jira,
ya dubi sama ya tura kwalekwalensa.

Mun shirya fitar da tsohuwar yau.
Baltasar ya kama wayar wutarta,
ya daɗe riƙe da ita, ya saki.
A ba ta mako guda, in ji shi.
Wa ya san me kuma take yi wa mutane
da ba ta taɓa faɗa mana ba?