An Ce Ta Farfaɗo

Rediyon Barau mai shayi ya ce duniya ta farfaɗo,
bankunan ƙetare da suka suma sun yi atishawa.
Na ce Barau, ƙara murya,
ko za su ambaci Kakuri.

Ba su ambata ba.

Shekara sha tara ina jan zare a masaƙa.
Ran da aka ɗaure ƙofa da sarƙa
aka ce ciwon daga nesa ya taso:
wani ya ci bashi a ƙasar da ban taɓa takawa ba,
ni aka aiko wa takardar biya.

Yanzu gwanda ta tsiro a ɗakin injin,
ƙadangaru ke shiga aikin safe,
ba mai duba musu kati.

Mai sharhi ya ce kashi uku cikin ɗari baɗi,
in dala ta yi haƙuri.
Ladidi ta ce, kashi ukun me?
Mudun da ta auno a Bakin Dogo
ya fi na bara tsada, ya fi shi rama.

Jatau dai ya sayo tsohon keken ɗinki a Panteka,
ya ba shi mai, ya kafa a zaure.
Daren jiya na ji yana takawa,
ƙaramar murya, ba ta kai ta masaƙa ba,
amma na kwanta ina bin ta
har barci ya sace ni.

Barau, zuba rabin kofi.
Sa a littafi.