Ƙofar Ruwa, Ƙofar Wuta

Talata ce, kasuwar Mafara ta watse,
na kunna fitila a rumfata.

Luba ta shigo da 'yar fankar da ta ƙera
da injin motar wasa da marfin kwalba.
Ta dire min, ba ta ce uffan ba,
ƙaurin ƙuna ne ya shigar da ƙararta.

Bol uku abin yake so.
Batirin babur ta ba shi, sha biyu cur.
Wanda ya ɗura wa jaririya tuwon dawa
ai ba ya tambayar me ya shaƙe ta.

Na ce share hawaye, zan gina miki ƙofa.

Taransifoma na ciro daga cikin rediyon
da Alhaji Labbo ya kawo gyara shekara huɗu,
bai dawo ba, bai aiko ba, ya manta.
Dayod huɗu suka miƙar da wutar mai kai-komo,
kwandansa mai ƙaton ciki ta tace ta.

Na farko ya yi aiki, sai dai zafi.
Na ɗaura masa guntun alminiyam
da na yanko daga tsohuwar tukunyar Inna,
duk da haka ya bar min bororo a fata.
Rabin abin da ya sha, zufa yake yi da shi,
ni ko fetur nake saye lita-lita.

Nan na tuna mahaifina, Baba Gado,
mai tsaron ƙofar ruwa a Bakolori.
Ban taɓa ganin ya yi kokawa da magudana ba.
Buɗe kaɗan, rufe, buɗe, rufe.
"Shinkafa ba kifi ba ta," in ji shi,
"abin da taka so, shi aka ba ta."

Direban Gusau ya taho min da ɗan allo,
bai kai akwatin ashana ba,
mai buɗe-rufe sau dubu kafin ka ƙifta.
Na naɗa jar waya a zobe, ina ƙirge,
na ɓace a ashirin da bakwai, na warware, na sake.
Dalma ta ɗiga a wandona, na yi ta mita.

Sha ɗayan dare na jona mita.
Na murza. Ɗaya da rabi. Uku. Tara.
Allura na takawa a hankali,
ba ta rawa, ba ta ƙetare inda na tsai da ta.
Na kifa tafin hannu a bayan akwatin,
sanyi kamar randar da aka rufe ta.

Luba ta yi barci a kan benci,
sauro na shawagi a ƙafarta.
Na sa sabon inji, na tashe ta,
na ɗora yatsunta kan abin murzawa.
Ta kai uku. Ta dube ni. Ta tsaya.

Marfin kwalba ya soma juyi,
iskarsa ta ɗaga takardar bashin Labbo,
ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta fita.